Wanda Ya Rubuta Allon Shi Ya Kamata Ya Wanke

A Amurka, ranar da 'yan sanda suka kama mutum suka ɗauki zanen yatsunsa, sunansa ya shiga wuri uku ke nan: kundin kotun da za a kai shi, rumbun bayanan 'yan sandan jiha, da na FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Ko da alƙali ya sallame shi washegari, ko mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar, rubutun yana nan daram. Kundin kotu a can a buɗe yake ga kowa, kuma akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai sarin waɗannan bayanai suna sayar wa masu ɗaukar ma'aikata da masu gidajen haya. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne mutum miliyan 70 zuwa 100 ke ɗauke da irin wannan tabo, wato kusan ɗaya cikin kowane baligai uku.

An auna abin da tabon ke yi wa mai shi. A binciken da Devah Pager ta wallafa a 2003, an tura samari neman aiki a birnin Milwaukee da takardu iri ɗaya, sai dai wani ya ce ya taɓa zaman wata 18 a gidan yari kan ƙwaya, wani ya ce bai taɓa ba. Farar fata marar tabo, kashi 34 cikin ɗari na wuraren sun neme shi. Mai tabo, kashi 17. Baƙar fata marar tabo ya samu kashi 14, mai tabo kashi 5. Wata 18 alƙali ya yanke, amma hukuncin da kasuwar aiki ke yankewa ba shi da ranar sallama.

Galibin jihohin ƙasar sun daɗe da dokar da ta ba mutum damar roƙon kotu ta goge ko ta rufe tsohon laifinsa. Cikas ɗin yana cikin roƙon. A duba Michigan kafin gyaran 2020. Sai mutum ya jira shekara 5, sannan ya je kotun da ta hukunta shi ya karɓo kwafin hukuncin mai hatimi. Ya je ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunsa a kati, wurin da mai tsohon tabo ba ya marmarin takawa. Ya cike fom, ya sa hannu a gaban jami'in shaida, ya yi kwafi-kwafi, ɗaya ga babban lauyan jiha, ɗaya ga mai gabatar da ƙara na gunduma, ɗaya ga 'yan sandan jiha haɗe da dala 50. Ya jira rahotonsu, a sa ranar zama, ya nemi izini a wurin aiki (in yana da aikin) ya tsaya gaban alƙali, wanda yana iya cewa a'a. In ya ce a'a, sai bayan shekara 3 a sake gwadawa. Malamai biyu na Jami'ar Michigan, J.J. Prescott da Sonja Starr, sun bi diddigin bayanan jihar, suka tarar cewa cikin waɗanda doka ta buɗe wa ƙofa, kashi 6.5 cikin ɗari kacal suka samu gogewar a shekara 5 na farko bayan sun cancanta. Ba alƙalai ne suka koro su ba, don yawancin waɗanda suka kai takarda sun dace. Mutanen ne ba su zo ba.

San Francisco ta nuna abin ƙarara. A 2016 masu zaɓe a Kalifoniya suka halatta tabar wiwi, dokar kuma ta ce wanda aka taɓa hukuntawa kan abin da yanzu ba laifi ba ne ya nemi a goge masa. An shafe fiye da shekara, mutum 23 ne suka nema a birnin. Da ofishin mai gabatar da ƙara, George Gascón, ya haɗa kai da ƙungiyar masu ƙera manhaja ta Code for America aka sa manhaja ta bi kundi tun daga 1975, sai ga shari'a sama da 9,000 da suka cancanta. Da gundumar Los Angeles ta bi sahu a 2020, kusan 66,000 aka samu.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Hukuma ce ta rubuta, ita ke ajiyewa, ita ta san ranar da aka yanke hukunci, ita ta fi kowa sanin ko mutum ya sake faɗawa hannu. Ita ya kamata ta rufe, da kuɗinta, ba sai an roƙe ta ba. Mai roƙon nan babu abin da yake kawo wa kotu wanda ba daga wurinta ya fito ba: kwafin hukuncin nata ne, zanen yatsun yana wurin 'yan sanda tun ranar kamu. An sa mutum ya jawo ruwa a rijiya ya zagayo ya zuba wa rijiyar, kuma ya biya kuɗin guga. Amma akwai rabin magana da masu goyon baya ba su cika son tsayawa a kai ba. Sa hannu a doka shi ne aiki mafi sauƙi a cikin lamarin nan. Gwamnatin da goyon bayanta ya ƙare a ranar ɗaukar hoto, ba ta ware kuɗin gyaran kundi ba, alkawari kawai ta ba mutane, tabon yana nan inda yake.

Amurkawa suna kiran irin wannan doka Clean Slate, wato wankakken allo, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ake nufi. An wanke don a samu wurin sabon rubutu, amma malam bai manta inda ɗalibi ya tsaya ba. Haka yawancin dokokin suke. Rufewa ake yi, ba ƙona fayil ba. Mai ɗaukar ma'aikata da mai gidan haya ba sa gani, mutum kuma yana da izinin doka ya amsa cewa ba shi da tarihin laifi in an tambaye shi. 'Yan sanda, masu gabatar da ƙara da alƙalai suna ci gaba da gani. A New York, masu ba da lasisin bindiga da wuraren aikin da doka ta wajabta wa duba zanen yatsu, irin na kula da yara da tsofaffi, su ma suna gani.

Pennsylvania ce ta fara. Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a Yunin 2018, aka fara aiki a Yunin 2019, bayan shekara guda ana shirya kwamfutoci. 'Yan Republican da 'yan Democrat ne suka ɗauki nauyin ƙudurin tare, Sheryl Delozier da Jordan Harris a majalisar wakilai, kuma ƙungiyoyin da ba sa ga-maciji a sauran al'amura suka mara masa baya. Yadda take aiki shi ne abin koyi. Kowane wata ofishin kula da kotunan jiha yakan sa kwamfuta ta tsamo shari'o'in da suka cika sharaɗi. A tura jerin ga 'yan sandan jiha, su kuma suna da kwana 30 su gwada shi da nasu rumbun, su cire duk wanda suka ga bai cancanta ba, misali wanda aka sake hukuntawa. Abin da ya rage a rarraba wa kotunan gundumomi, alƙali ya ba da umarni ɗaya da ya haɗa dukkan sunayen. Babu fom, babu lauya, babu zaman kotu. A dokar farko, ƙananan laifuka ne kawai, bayan shekara 10 ba tare da sabon hukunci ba, sai kuma tuhumar da ba ta kai ga hukunci ba. Mutum sama da miliyan 1 suka amfana. A Disambar 2023 Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a gyaran da ya rage jiran ƙananan laifuka zuwa shekara 7, ya kuma shigo da wasu manyan laifukan ƙwaya bayan shekara 10.

Utah ta biyo a 2019, Michigan a 2020, sai Connecticut, Delaware da Virginia a 2021, Oklahoma, Colorado da Kalifoniya a 2022, Minnesota da New York a 2023. Kowace da nata ma'auni. Michigan, wadda ta fara aiwatarwa ranar 11 ga Afrilun 2023, tana rufe manyan laifuka har 2 bayan shekara 10, da ƙanana har 4 bayan shekara 7, ban da laifin duka ko rauni, laifin ha'inci, da duk wanda hukuncinsa zai iya kai shekara 10. New York ta ce shekara 3 ga ƙaramin laifi, 8 ga babba, a fara ƙidaya daga ranar hukunci ko ranar fitowa daga gidan yari, muddin mutum ba ya ƙarƙashin sakin talala kuma ba shi da wata tuhuma a gabansa. Laifukan lalata da kisa ba sa ciki. Dokar ta fara aiki a Nuwambar 2024, amma an ba kotuna shekara 3 su kammala tsofaffin shari'o'i. Wannan shekara 3 ɗin ba lalaci ba ne, kuma ga dalili.

Kwamfuta ba ta rufe abin da ba ta iya karantawa. Babban ramin da kowace jiha ke faɗawa shi ne kamun da ba a rubuta ƙarshensa ba. Ɗan sanda ya shigar da kamu a daren da abin ya faru. Kotu ta gama shari'a bayan wata 8. Abin da ke haɗa rubutun biyu lamba ce guda da ya kamata ta bi fayil daga caji ofis har teburin magatakarda. In an yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafarta, ko mai gabatar da ƙara ya canja tuhumar daga fashi zuwa sata, ko ya ƙi shigar da ƙarar gaba ɗaya bai sanar da kowa ba, sai kamun ya zauna a rumbu babu wutsiya. Wani rahoton ma'aikatar shari'a ta tarayya na 2006 ya ce kusan rabin bayanan da ke rumbun FBI haka suke. Abin takaicin, wanda aka saki ba tare da tuhuma ba, wanda ya fi kowa cancanta, shi ne ya fi yawan maƙalewa a nan. Maganinsa ƙa'ida ce a cikin dokar kanta: kamun da ya yi shekaru kaza babu wani motsi a kansa, a ɗauka an yi watsi da shi, a rufe.

Sai batun gane mutum. Doka tana magana ne kan mutum, tana cewa wanda ya yi shekara 7 bai sake ba. Kundin kotu kuwa shari'a-shari'a aka tsara shi, da suna da ranar haihuwa. Rumbun 'yan sanda ne ke ɗaure komai ga zanen yatsu, amma ƙananan laifuka da yawa sammaci ake ba mutum, ba a taɓa ɗaukar yatsunsa ba. To, sunan nan da ya bayyana a gunduma uku, ɗaya da harafin tsakiya, ɗaya babu, ɗaya an juya wata da rana a ranar haihuwa, mutum ɗaya ne ko uku? In manhaja ta haɗe mutum biyu, laifin wani ya hana wani. In ta raba mutum ɗaya gida biyu, an rufe wa wanda bai cancanta ba, kuma irin wannan kuskure guda ɗaya ya isa 'yan adawa su yi shekara suna kaɗa ganga da shi. Hanyar da ta dace ita ce manhaja ta yanke inda babu shakka, sauran ta tura wa ma'aikata su duba da ido. Ma'aikatan nan albashi suke ci, kuma su ne layin da ake fara sokewa a kasafi.

Akwai kuma dokar da aka rubuta da sharuɗɗan da babu su a kwamfuta. Kalifoniya ta mayar da satar abin da bai wuce dala 950 ba ƙaramin laifi a 2014, amma rumbun bayanai sashen dokar da aka karya yake riƙewa, ba kuɗin abin da aka sata ba. Nauyin wiwi, shekarun wanda aka zalunta, dangantakarsa da mai laifi, duk suna cikin rahoton ɗan sanda a takarda, a cikin kwali, a ɗakin ajiya. Mafi wuya ita ce ranar kammala hukunci. Kotu ta san ranar da ta yanke. Ranar fita tana wurin gidan yarin gunduma ko na jiha, ranar ƙarewar sa-ido tana wurin wani ofishin daban, kuma sau da yawa kwamfutocinsu ba sa magana da juna. Shi ya sa masu kula da rumbun kotu ya kamata su zauna a tebur tun ana rubuta ƙuduri, kowane sharaɗi a tambaye su: akwai gurbinsa a rumbu, kuma kashi nawa na gurbin a cike yake? In babu, a sauya sharaɗin. Gara a ƙidaya daga ranar yanke hukunci a ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan jira, da a rataya komai kan ranar da babu wanda ya rubuta.

Connecticut ta ɗanɗana wannan. Dokarta ta 2021 ta sa Janairun 2023 a matsayin ranar farawa. Ranar ta zo, tsofaffin shari'o'in wiwi kawai aka iya gogewa, sauran aka ɗage saboda tsofaffin kwamfutocin hukumomin. A ƙarshen 2023 Gwamna Ned Lamont ya sanar cewa mutum sama da 80,000 za su samu, sai aikin ya sake tsayawa kan kura-kuran bayanai. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mutumin da ya ji sanarwa a rediyo ya je ya rubuta a fom ɗin neman aiki cewa ba shi da tarihin laifi, aka duba aka gani, yanzu ya zama maƙaryaci a idon mai aikin, alhali gwamnati ce ta faɗa masa.

Tara ma tarko ce. Dokar Pennsylvania ta farko ta ce sai wanda ya biya duk kuɗin da kotu ta ɗora masa. Wanda tabo ya hana wa aiki, da me zai biya? Suka gane, a 2020 suka cire sharaɗin tara da kuɗin kotu, suka bar diyyar wanda aka zalunta. Wannan rabon ya yi daidai. Haƙƙin mutum daban, kuɗin shigar hukuma daban, kuma hukuma tana da hanyoyin karɓar bashinta ba sai ta riƙe sunan mutum jingina ba.

Duk wannan a cikin gidan gwamnati ne. A waje kuma akwai kwafin da aka riga aka sayar. Kamfanin da ya sari bayanai a 2017 ba zai san an rufe shari'ar a 2023 ba sai an gaya masa. Dokar tarayya ta 1970 kan rahoton bashi da tarihin mutane ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni bin hanyoyin da za su tabbatar da ingancin abin da suke bayarwa, ta kuma hana su kawo kamun da bai kai ga hukunci ba in ya wuce shekara 7, amma hukunci ba shi da iyakar shekaru a ƙarƙashinta. Pennsylvania ta yi dabara a nan: duk mai sarin bayanan kotu, yarjejeniyarsa ta ɗora masa karɓar jerin shari'o'in da aka rufe a kai a kai ya cire su daga nasa rumbun. Jihar da ba ta yi haka ba ta kashe maciji ba ta sare kansa ba. Labarin jarida da shafukan da ke liƙa hotunan waɗanda aka kama kuwa, doka ba ta da hannu mai tsawo a kansu, saboda kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki a tsarin mulkin ƙasar.

Na ƙarshe a jerin matsalolin ya fi kama da abin dariya. An rufe wa mutum, bai sani ba. Adireshin da ke fayil na shekara 12 da suka wuce ne, kuma aika wasiƙa mai ɗauke da tsohon laifin mutum zuwa gidan da ya bari tona asiri ne. Sai ya ci gaba da amsa "e" a fom, ko ya ƙi neman aikin ma tun farko don ya saba da kora. Abin da ake bukata shi ne shafin intanet na kyauta inda mutum zai tabbatar da ko shi wane ne ya ga matsayinsa, da lambar waya da mutum zai ɗauka, da tallar da za ta kai unguwannin da abin ya shafa. Wannan ma kuɗi ne.

Masu adawa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko tsaro: kada a rufe wa wanda zai sake laifi. Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi mutum kusan 88,000 da aka fara kamawa a New York a 1980, don su ga yaushe haɗarin sake kama su ke sauka ya yi daidai da na sauran tsararrakinsu. Ga ɗan shekara 18 da aka kama da fasa gida, shekara 3.8, da fashi, shekara 7.7. Jiran shekara 7 zuwa 10 da jihohi irin su Pennsylvania da Michigan suka sa ba daga sama ya faɗo ba. A Michigan, cikin waɗanda aka goge wa, kashi 4.2 cikin ɗari aka sake hukuntawa a shekara 5, kuma ƙasa da kashi 1 ne kan laifin tashin hankali. Sai dai a yi adalci: waɗannan su ne 'yan kaɗan ɗin da suka jure wahalar roƙo, ba lallai sauran su zama kamarsu ba. Abin da ke riƙe hujjar shi ne sharaɗin shekarun, don wanda ya sake laifi agogonsa komawa farko yake.

Masu ɗaukar ma'aikata suna tsoron a kai su ƙara in wanda suka ɗauka ya yi ɓarna. Pennsylvania ta ba su kariya a doka kan duk abin da aka rufe ba su gani ba, kuma kowace jiha ya kamata ta yi haka. Hujjar da ta fi damuna wata ce. Amanda Agan da Sonja Starr sun aika takardun neman aiki kusan 15,000 a New Jersey da birnin New York, kafin da bayan dokar da ta hana tambayar tarihin laifi a fom. Kafin dokar, fifikon da farare ke samu kan baƙaƙe a wuraren da abin ya shafa kashi 7 ne cikin ɗari; bayanta ya kai 43. Da aka ɓoye bayani, sai masu aiki suka koma zato da launin fata. Rufe tsohon laifi bai yi daidai da wannan ba, tunda mai aiki yana nan yana bincike kuma yana samun amsa, amma gwamnatin da ta kafa dokar wajibi ne ta auna ko irin haka na faruwa, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Batun albashi ma a rage zuzutawa. Prescott da Starr sun ga kuɗin shigar waɗanda aka goge wa ya tashi da sama da kashi 22 cikin ɗari a shekara guda, kuma wannan adadi ya zagaya majalisun jihohi da dama. Amma wani binciken da Agan da abokan aikinta suka fitar daga baya, da bayanan haraji, wanda ya haɗa da rufewar Pennsylvania, bai ga wani babban sauyi a samun aiki ba. Mai roƙo yakan zo ne daidai lokacin da yake neman aiki ido rufe, don haka tashin ba duka na gogewar ba ne. Kuma wanda ya yi shekara 10 a gefe ya riga ya yi asarar shekarun koyon sana'a. Wanke allo ba ya dawo da su. Abin da na fahimta daga nan shi ne a gaggauta, musamman ga tuhumar da aka kora, wadda babu dalilin barinta a buɗe ko na wata guda. Kuma ko albashi bai motsa ba, akwai gidan haya, akwai lasisin sana'a, akwai rakiyar ɗanka yawon makaranta, duk wuraren da ake bincike. 'Yan jarida su ma suna da gaskiya da suka ce rufe miliyoyin fayil zai iya ɓoye ɗan sandan da ya saba kamun ƙarya. A bar wa masu bincike bayanan ba tare da sunaye ba, da lambar jami'in da ya yi kamun.

Gwamnatin tarayya ita ce a baya. Ba ta da cikakkiyar dokar goge hukuncin kotunanta, in ban da wata 'yar ƙofa ga wanda bai kai shekara 21 ba aka same shi da ƙwaya karon farko. Afuwar da Joe Biden ya yi a Oktoban 2022 ga masu laifin mallakar wiwi ta yafe, amma ba ta goge rubutun ba. An sha gabatar da ƙuduri biyu a majalisar dokoki, ɗaya na rufe wasu laifukan tarayya, ɗaya na ba jihohi tallafin gyara kwamfutocinsu, ana ta jan ƙafa. Na biyun ya fi muhimmanci a ganina, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1995 tarayya ke ba jihohi kuɗi su inganta kundin masu laifi, don binciken masu sayen bindiga da dokar Brady ta 1993 ta kawo. Aljihun da ya biya aka gina hanyar shigar da suna, shi ya kamata ya biya a gina ta fita, kuma gyaran iri ɗaya ne: kundin da aka cike gurabensa ya fi amfani ga ɗan sanda kamar yadda ya fi amfani ga wanda za a rufe wa. Turai ma ta daɗe a kan haka. Ingila tana da dokar 1974 da ke sa hukunci ya tsufa ya daina bin mutum. A Faransa wankewa tana zuwa da kanta: shekara 3 bayan biyan tara, 5 bayan ɗauri guda da bai wuce shekara ba, 10 ga wanda ya fi haka har zuwa ɗaurin shekara 10.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan uwa mazauna can, irin jama'armu na unguwar Bronx a birnin New York da suka fito daga Ghana, Nijar da Najeriya. Rufewar jiha ba ta aiki a wurin hukumar shige da fice. A dokar tarayya hukunci yana nan hukunci ko jiha ta wanke shi, kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya har da abin da aka rufe ko aka goge. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya je ya karɓi kwafin ƙarshen shari'arsa mai hatimi ya adana tun kafin a rufe, don ranar da za a nema samunsa zai fi wuya, kuma ya ga lauyan shige da fice kafin ya amsa kowace tambaya.

A gida, inda ake neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda don biza ko aiki a Najeriya, ko takardar kotu da ba ta wuce wata 3 ba a Nijar, maganar tana tafe. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, a sashe na 15, ta ce a rubuta bayanan duk wanda aka kama har da hoto da zanen yatsu. Sashe na 16 ya kafa babban rumbun bayanan laifuka a hannun 'yan sanda, ya ce a aika hukuncin kotu can cikin kwana 30. Sashen ya faɗi yadda suna zai shiga, bai faɗi ranar da zai fita ba. Tunda ana kan mayar da kundin cikin kwamfuta ne, yanzu ne gurbi uku ba su da tsada: lamba ɗaya da za ta bi fayil daga caji ofis zuwa kotu zuwa gidan gyaran hali, ranar da hukunci ya ƙare, da sunan duk wanda aka ba kwafi.